Amaryar da Dikko Ya Ɓoye a Argungu

Jama'a, ku gyara zama. Abin da zan ba ku yau, ko ni da ya faru a kaina in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya tukuna. Amma a ranar ba dariya na yi ba, kuka na sha har gyalena ya jiƙe.

Sunana Riskuwa, haifaffiyar Birnin Kebbi. A shekarar 1987, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, na gama makarantar horon malamai ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare. Babana, Malam Abdussamadu, da safe yana fadama wurin shinkafarsa, da yamma yana zaure yana ba magidanta karatu. Mutum ne marar yawan magana, dariyarsa kuwa sai ka yi sa'a. Yana da wata lalura da kowa a gidan ya sani amma ba mai ambata: akaifun ƙafarsa sun yi kauri, sun yi baƙi, suna marmashewa. Shekara da shekaru yana fama, in ya sa takalmi rufaffe sai ka ga yana ɗingishi.

Sai kuma yayarsa, Gwaggo Laure. Duk auren da aka yi a zuriyarmu sai da ta sa baki, kuma tun da na gama makaranta ta sa ni gaba.

"Ɗiya ta yi karatu har ta ƙoshi, mi ya rage? Ko allo za ta aura?"

Ni kuwa ina da wanda nake so. Matsalar kawai, sana'arsa ba ta faɗuwa a gaban manya.

A Argungu na haɗu da shi, gidan Kaka, mahaifiyar Innata, inda nake zuwa hutu. Akwai wata bishiyar lalle a gindin katangarta. Wata rana da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa, hannuwana sun sha ƙunshi, sai na ji sallama. Wani dogon saurayi ya shigo, siriri, da tabarau, da kaftani ruwan ƙasa wanda guga ta kwanta masa. Ɗan maƙwabciyar Kaka ne, Dikko, yana karatun likitan dabbobi a jami'a a Sakkwato. Ganyen lalle ya zo roƙo.

Ya durƙusa ya gaida Kaka. Da ya juyo gare ni sai idonsa ya tsaya a kan hannuna. Ya daɗe yana kallo. Na ce a raina, Riskuwa, yau kasuwarki ta buɗe.

"Lallen ga ya kama akaifa ƙwarai," in ji shi. "Ya shiga ciki, ko bisa kawai ya tsaya?"

Kun ji fa. Ni ina jiran a yabi hannu, shi yana binciken akaifa!

Na ce, "Sai ka tambayi akaifar."

Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa, sai a lokacin ya dubi fuskata. Da ya duba kuwa, ganyen da ya zo nema a nan ya manta shi, sai Kaka ce ta bi shi da shi har zaure.

Lokacin ba wayar hannu, balle saƙon da ke shigowa kana kwance. Kaset muke yi. Ya ɗauki muryarsa, Kaka ta cusa kaset ɗin cikin kwandon busasshen kifin da take aiko wa Inna. Har yau in na ji ƙamshin busasshen kifi sai gabana ya faɗi. Nakan shige ɗaki bayan la'asar, in rage muryar rediyo, in manna kunnena.

"Ranki ya daɗe, Malama. Ina fata yara ba su gajiyar da ke ba. Ni dai tun da kika tafi, Argungu ta yi mini faɗi."

Daga nan sai ya zame ya koma kan aikinsa. A kaset na fahimci abin da yake yi. Cutar nan da ke cin akaifar masunta da manoman shinkafa, in ji shi, ba sammu ba ce. Wata irin hunhuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita ƙafar da ke yini cikin ruwa take so. Akwai ƙwaya a asibiti, amma sai an yi wata da watanni ana sha, mutane da yawa sukan gaji su bari. Shi yana son ya ga ko lalle, in an haɗa shi da wasu abubuwa, zai iya ratsa akaifa ya kashe cutar. Yakan bi masunta bakin gulbi ya roƙi su bar shi ya kankari akaifarsu kaɗan, ya kai jami'a a rena hunhunar a farantin gilashi, sa'an nan ya sa wa zomaye a akaifa, ya gwada magani a kansu. Malaminsa ya yarje masa ya kafa kejin zomayen a gida, tun da masu cutar a Argungu suke.

"Ba a fara gwada magani a jikin ɗan Adam, Malama," in ji shi. Ina jin ƙarar zomayen suna karce waya a bayansa.

To, ku gaya mini, ta yaya zan tsaya gaban Gwaggo Laure in ce wanda nake so akaifun mutane yake tarawa? Mu da ko yanke akaifa muka yi sai mun binne don tsoron masu asiri?

Ai kuwa labari ya iso. Da Dikko ya turo a nemi izinin zuwa zance, Baba ya ce a dakata ya yi bincike. Gwaggo ba ta jira kowa ba. Ta yafa gyale ta hau motar Argungu, wai za ta gaida Kaka.

Ranar da ta dawo ina tsakar gida ina gugar wata atamfa mai ruwan goro da nake ji da ita, dutsen guga cike da garwashi. Tun daga zaure take kira.

"Abdu! Hito ka ji! Yaron ga da ɗiyarka ka so, shina da mata!"

Baba ya fito da carbi a hannu. Inna ta saki muciya.

"Da kunnena na ji. Ina zaune gidan tsohuwa, sai ga muryatai bayan katanga, shina ce ma uwatai, 'Inna, ƙunshin Amarya ya kama ƙwarai, gobe in kwance mata.' Shi da kainai ka yi mata ƙunshi! Ga tara akaifun mutane, ga ɓoye mata. Ban ko tsaya shan ruwa ba."

"Kin gan ta?" in ji Baba.

"Sai na gan ta? Na ji!"

Ƙaurin da na ji ne ya dawo da ni hayyacina. Dutsen guga ya ci atamfar, ya bar mata tambari baƙi ƙirin. Na shige ɗaki na kifa kai a kan filo. Duk kaset ɗin nan, duk "Argungu ta yi mini faɗi", ashe da amarya a gefe? Na tattara kaset ɗin gaba ɗaya zan watsa a rijiya, sai na tuna ruwan da muke sha ne, na tura su ƙarƙashin gado.

Da safe Baba ya fito. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, yana magana da ita amma da ni yake.

"A ce ma yarinyar ga ta shirya. Argungu za mu. In gaskiya ce, gara ta gani da idonta ta huta."

Na shirya kuwa. Na fiddo leshina fari mai ɗigon shuɗi wanda na ajiye don Sallah, na kafa ɗaurin ɗankwali, na ja kwalli a idanun da suka kumbura, na fesa turare. Na ce in dai zan ga wadda ta riga ni, to ba za ta gan ni a wulaƙance ba. Muka shiga akori-kurar Baba, shi da Gwaggo a gaba, ni a gefen ƙofa a takure. Tun daga Birnin Kebbi har muka hango gonakin shinkafar Argungu, Gwaggo ba ta rufe baki ba. Ta lissafo mini samari masu sana'ar mutunci: mai shagon yadi, mai injin niƙa, har da wani mai sayar da albasa da na san ya girmi Baba.

Suka ajiye ni gidan Kaka, suka zaga gidan su Dikko. Ina shiga na faɗa jikinta.

"Kaka, ki gaya min gaskiya. Akwai amarya gidan can?"

Tsohuwar nan ta dube ni, ta gyara goron da ke bakinta.

"Awo, akwai ta."

Na sake ta, na zuba mata ido.

"Fara ce tas," in ji Kaka. "Ta hi ki haske nesa ba kusa ba. Ga ta shiru-shiru, ba ta da surutu irin naki. Abinci kuwa ba ta wahal da kowa, ɗan ganye ya ishe ta."

"Kaka!"

"Sai dai kunnuwa. Allah ya yi mata kunnuwa."

Kafaɗunta na rawa, amma ni baƙin ciki ya toshe mini kai, ban gane komai ba. Ta ja hannuna zuwa bayan bishiyar lallen, inda damina ta zaftare katanga aka toshe da guntun zana. Ta ɗaga zanan kaɗan.

"Leƙa ki ga abokiyar takararki."

Na leƙa. A ƙarƙashin wata rumfa ga keji-keji na katako da waya a jere, an ɗaga su daga ƙasa, kowanne da alamar fenti a goshinsa. Wurin a share fes. Dikko na tsaye da farar riga ta aiki a kan kaftaninsa, da safar roba a hannu. Yana ganin Baba ya tuɓe safar, ya zube ƙasa yana gaisuwa. Mahaifiyarsa, Inna Baiwa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma ɗaki don kunya.

Gwaggo ko zama ba ta yi ba.

"Ba gaisuwa ta kawo mu ba. Ina Amarya? Hiddo ta mu gan ta."

Ku yarda da ni, fuskar Dikko haske ta yi.

"Gwaggo, har labarinta ya kai Birnin Kebbi?"

"Ka ji marar kunya! Hiddo ta!"

Ya mayar da safar hannunsa, ya nufi keji na ƙarshe, ya buɗe. Ya juyo rungume da wata farar zomanya mai ƙiba, kunnuwa zaƙo-zaƙo, ƙafafunta huɗu jajaye jawur da lalle.

"Ga ta. Tun ranar da na fara sa mata lalle Inna ta raɗa mata suna."

Zomanyar ta motsa hanci tana kallon Gwaggo. Gwaggo ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"La'ilaha illallahu. Wagga ita ce...?"

Sai zomanyar ta yi wani zillo kamar za ta diro. Gwaggo Laure, da shekarunta da jikinta, ta tattare zane ta haye turmi. Baba ya sunkuyar da kai, ya kai hannun riga bakinsa, amma na ga bayansa na girgiza. Ni kuwa na zame na zauna daɓas a gindin lalle, da farin leshina, ina dariya hawaye na zuba, Kaka na toshe mini baki da tafin hannunta.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

Baba ya goge ido ya zauna a tabarma. Fuskar nan ta zaure ta dawo.

"Zauna, yaro. Akaifun mutane da kake tarawa, ina suke zuwa?"

Dikko ya mayar da zomanyar, ya wanke hannu da sabulu, ya durƙusa. Ya ce ba ya ɗauka sai mai ita ya yarda, ɗan kankare ne kawai, abin da ya saura kuma a gaban mai shi yake binnewa.

"Dabbobin ga fa? Lafiyarsu lau ka sa musu cuta. Ba ka tsoron haƙƙinsu?"

Dikko ya dubi kejin.

"Ina tsoro, Baba. Suna jin ƙaiƙayi, ba zan ce ba su ji ba. Shi ya sa ban tara da yawa ba, sai iyakar waɗanda aikin ke bukata. Ban ci abinci sai sun ci. In an gama kuma duk sai na yi musu magani sun warke. Na san za a tambaye ni a kansu."

Ya nuna masa jerin kejin. Na farko ba a ba su komai, don a san yadda cutar ke tafiya in an ƙyale ta. Na biyu ana ba su ƙwayar asibiti. Na uku su ne 'yan lalle.

"Wanne ya fi?" in ji Baba.

"Har yanzu ƙwayar asibiti ce gaba. Lallen ya taimaki Amarya, akaifarta ta fara fitowa da kyau. Amma akwai wasu da na ƙara wa haɗin ƙarfi, sai fatar ƙafarsu ta saɓule. Dole na tsaya na yi jinyarsu."

Sai Baba ya yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ya miƙe ƙafa, ya zare takalmi, ya ajiye ƙafar nan da yake ɓoyewa a gaban yaron da ke neman ɗiyarsa. Gwaggo ta sauko daga turmi a hankali.

"Ka gani?" in ji Baba.

"Na gani, Baba."

"To, ɗauko haɗin naka ka sa min yanzu. In ka sa min, ka turo manyanka gobe, na ba ka."

Wayyo, jama'a! Na damƙi hannun Kaka har ta yi ƙara. A raina ina ta ihu: Dikko, ɗauko! Lalle ne fa, ba wuta ba! Shafa masa mu wuce wurin!

Dikko ya dubi ƙafar. Ya dubi kwalbar haɗin da ke kan benci, kusa da shi ƙwarai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya ba."

"Mi kac ce?" in ji Gwaggo.

"Ban gama ba. Ban san iyakar ƙarfin da fatar mutum za ta ɗauka ba. In na sa maka ya ƙone ka, ko ya ƙi aiki ka zauna kana jira cutar na ci, da wane ido zan dube ka? Abin da na sani shi ne akwai ƙwaya a asibiti, tana aiki in an daure an sha har ƙarshe. In ka yarda, ni zan raka ka wurin likita, in riƙa zuwa ina yanke maka akaifar yadda takalmi ba zai dame ka ba. Ko ka ba ni, ko ba ka ba ni ba."

Baba ya dube shi ya daɗe. Ya mayar da takalminsa, ya tashi, ya kakkaɓe riga.

"An yi kiran azahar," in ji shi. Ya fita.

Ban san yadda na yi sallar nan ba. Na zauna a kan dardumar Kaka ina jin haushin Dikko, ina kuma jin wani abu mai kama da alfahari, su biyun suna kokawa a ƙirjina. Gwaggo ta shigo tana fifita da bakin gyale.

"Yaron ga ko dai waliyyi ne ko wawa. An miƙa mai mata ya tsaya wa'azi."

Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a ƙofar ɗakin Kaka. Ni ina ciki, bayan labule. Inna Baiwa ta shigo da tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, ta ajiye, za ta juya.

"Dakata, Malama Baiwa," in ji Baba. "Ƙafar ga tawa, ba kasuwar da ban kai ta ba. Duk wanda na nuna ma, sai ya rantse min maganinsa yankan wuƙa ne. Yau na sa ma mutum abin da ya fi so a gaba, ya ce min bai sani ba tukuna. Ki gaya ma baffanninsa ina jiransu."

Kaka ta saki wata guɗa da ban san tana da sauran ƙarfinta ba. Na cusa fuskata cikin labule. Gwaggo ta ja kwanon tuwo gabanta.

"Ni dama tun farko na ga yaron da natsuwa," in ji ta.

Inna Baiwa ta yi godiya har da hawaye, sa'an nan ta tsaya tana murza bakin zane.

"Malam, akwai magana guda. Satin ga malaminsa ya aiko. Wai bayan girbi za a tura shi Zariya ya ƙarasa binciken, can ne ke da manyan na'urori. Zai daɗe. Shi da zomayen duka."

Zariya! Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba.

"To sai a ɗaura kafin girbi, su tafi tare," in ji Baba, kamar mai zancen sayen taki.

"Ni ka rakiyar amarya," in ji Gwaggo da tuwo a baki, "amma aradu ban shiga mota guda da dabbobin ga."

Suna cikin wannan na zame ta bayan ɗaki, wai zan wanke hannu. Ƙafata ta kai ni gindin lalle. Ban ko taɓa zanan ba na ji muryarsa daga ɗaya gefen, ƙasa-ƙasa.

"Malama? Ke ce? Na ji turarenki tun ɗazu."

"Ni ce. Saura kaɗan ka kashe ni yau."

"Ni ma saura kaɗan in mutu." Ya yi ajiyar zuciya. "Na ji abin da Baba ya yanke. Amma kowa ya yi magana, ke ba a tambaye ki ba. Zariya da nisa, ga aikinki, ga Innarki. In ba ki so, sai in roƙi a jira in dawo. Za ki bi ni?"

Na tsinki ganyen lalle ɗaya ina murzawa. Na tuna ɗakin Innata, da ƙawayena, da hanyar makaranta da na sani kamar tafin hannuna. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma bakina ya riga tsoron.

"In ka je neman gida," na ce, "ka duba wanda ke kusa da firamare."

Na ji ya yi wata dariya, har da buga katanga da hannu. Zai yi magana ke nan, sai muryar Baba ta taso daga zaure, a natse, yadda yake kiran ɗalibi ya biya karatu.

"Riskuwa. In kin gama sallama da katangar, mota na jira."

Na daskare a wurin, ganyen lalle a hannuna. A bayana Kaka ta sake rangaɗa guɗa.